Kwalbar Aro ta Baba Zungu

In ana lissafin masu cika baki a Umlazi, a fara da Baba Zungu direban bas, sannan a zauna a sha ruwa kafin a nemi na biyu. Mutumin nan bai taɓa yin ƙaramin abu ba. In ya taka birki, rayuka ya ceta. In ya makara, hanya ce ta ƙara tsawo. Allah ya ba shi jiki, shi kuma ya ɗora nasa a kai: leda cike da magwinya, wato fanke, da safe, mai yana ɗiga, gasasshen nama da rana, phuthu, wato dambun masara, da kindirmo da dare, sigari kuwa tsakanin kowace loma da 'yar'uwarta. Teɓarsa ta kai in zai sha kwana sai ya ja numfashi ya ba sitiyari hanya.

Likitan kamfanin bas ne ya ɓata wasan. Ya auna shi, ya duba suga, ya duba hawan jini, ya cire tabarau ya ce in baɗi ta same shi a haka, ba zai sa hannu ya sake riƙe sitiyari ba. Mafita ɗaya ce, tiyatar rage ciki. Inshorar lafiya ta wurin aiki za ta biya, amma da sharaɗi: ya bar taba kamar wata biyu, a gwada fitsarinsa a ga babu ita. In aka gan ta, sai a tura maganar tiyata shekara mai zuwa. Kafin nan an sauke shi daga bas, inshorar kuma ta bi aikin.

"Taba?" in ji Baba Zungu da yamma, a ƙofar shagon Warsame, ɗan Somaliyan da ke sayar mana da burodi da sigari kara-kara. Ya tara mutane kamar mai tallan magani. "Taba ce za ta shiga tsakanina da bas ɗina? Ni da na taɓa kawo mota daga Isipingo har cikin gari babu birki? Wasu sai an manna musu filasta a damtse, wasu sai cingam. Ni zuciya gare ni. Ku shaida!"

Ya zaro kwalin daga aljihu, ya jefar, ya hau kai da duk nauyinsa. Kwalin ko ƙara bai samu damar yi ba.

"Kuma duk wanda ya kama ni da kara a baki, ya wuce gidana ya kwance bunsurun Kirsimeti. Nasa ne, na ba shi."

Matarsa MaShezi tana gefe da burodi a hannu. Ta ce, "Baban Nolwazi, bunsurun nan fa da adashina aka saye shi."

"Kwantar da hankalinki. Bunsurun nan a gidanmu zai yi furfura."

Da jama'a suka watse, ya ja abokinsa Shandu gefe. Shandu bakanike ne, ya san komai a duniya ban da gyaran mota.

"Wancan na jama'a ne," in ji Baba Zungu, murya ƙasa-ƙasa. "Ni in bar taba? Zan riƙa shan abata a ɓoye, kara da safe, kara da yamma. In ranar gwaji ta zo, mu san yadda za mu yi da injinsu. Injin da mutum ya ƙera ne zai fi mutum wayo?"

"Kai dai shege ne, Zungu," in ji Shandu, cike da sha'awa.

"Ai kai ma ka faɗa."

Washegari da sassafe ya lallaɓa shagon Warsame, ya manna baki a ragar ƙarfen, ya raɗa, "Abokina, kara ɗaya. Naɗe min a takarda."

"Babu, abokina."

"Kamar yaya babu? Ga su can ina gani."

"Akwai ga kowa, babu gare ka. In na sayar maka, wani ne zai kama ka ya ci bunsuru. In na hana ka, ina nan ina kallo, wata rana ni zan ci."

Baba Zungu ya waiwaya. Mata suna tsaye a bayansa, babu mai jaka, babu mai sayen komai, duk ido a kan bakinsa. Ya yi gyaran murya ya ce da ƙarfi, "Na ce maka alewa mai yaji, ko kunnenka ya toshe ne?"

To fa, baki shi ke yanka wuya. Layin namu da ko ihun ɓarawo aka yi babu mai leƙowa, sai ga shi kowa ya zama ɗan sintiri. In ya fito zubar da shara, labule ya motsa. In ya daɗe a banɗaki, maƙwabci ya hau bokiti yana shinshina iska ta kan katanga. A garejin bas ma labarin ya kai, direbobi suna rakiyarsa har wurin wanke hannu, wai zumunci.

Ranar hutunsa ya ce ba zai mutu a tsaye ba. Ya sa malafa da baƙin tabarau, ya hau tasi, ya sauka ya hau wata, har Verulam, inda yake ganin babu wanda ya san shi. Mutum mai faɗin ƙofar gareji, wai ya ɓad da kama da tabarau! Ya sayi kara ɗaya wurin wani mai tebur, ya shinshina ta har idonsa ya kawo ruwa, ya ɗaga ta zai kai baki.

"Direba! Baba Zungu na bas ɗin asuba!"

Wata mata ce da ya shekara yana kai ta aiki. Kafin ya ƙifta ido ta ɗaga waya tana ɗauka, tana ihu, "Jama'a, mai bunsurun nan ne!"

Hannunsa ya tsaya a iska. Sai ya juya kan mai tebur, ya karya karan gida biyu a gaban hancinsa.

"Kai! Ba ka jin tsoron Allah? Wannan gubar kake sayar wa bayin Allah? Dubi 'ya'yan mutane!"

"Baba, ai kai ka ce in ba ka."

"Gwada ka na yi! Kuma ka faɗi!"

Mutane suka taru suna tafi. Da ya ga an taru kuwa, sai halin ya motsa. Ya hau wa'azi a kan huhu da hanta, ya ce shi da ake gani ya bar taba a dare ɗaya ko hamma bai yi ba. Ya dawo gida da yunwa, da ƙishi, da kwaɗayin da ya fi wanda ya fita da shi. Bidiyon kuma ya riga shi isowa.

Wadda ta fi kowa jin daɗin bidiyon ita ce Gogo MaBiyela, tsohuwar da gidanta ke kallon nasu, shugabar matan addu'ar Alhamis. In ta sa jar rigarta da farar hula ta fito da sanda, mashaya taba sukan ɓoye hannu a baya tun daga nesa. Ta taka har gida, ta dafa kansa.

"Ɗana, Ubangiji ya taɓa ka. Alhamis za ka zo ka ba da shaida."

Ya je. Ya ba da shaida har wasu suka yi kuka. MaShezi tana layin gaba, tana share ido da bakin gyale, tana cewa amin da zuciya ɗaya. Shi kuwa yana magana yana kallon kyandir ɗin da ke kan tebur, yana tunanin da ma a ce ga kara a hannunsa.

Shandu ya ji tausayinsa. Ya sako masa kara ɗaya a cikin kwalin fulogi, ya nuna masa wata mitsitsiyar mota da ta shekara tana ruɓewa a bayan garejinsa.

"Shiga can ka rufe ƙofa. Gilasanta sun yi duhu da ƙura, ko aljani ba zai gan ka ba."

Shiga dai ya shiga, da ƙyar da siɗin goshi. Ya ja ƙofa ta rufe. Ya sa kara a baki. Sai ashana. Ashana tana aljihun wando, aljihun wando yana ƙarƙashin teɓa, teɓa kuma sitiyari ya danne ta. Ya murɗa hagu, kujera ta yi ƙara. Ya murɗa dama, gwiwarsa ta shige ƙarƙashin giyar motar. Ya yunƙura zai ɗaga, cikinsa ya sauka a kan ham.

Motar da ta shekara ba ta ce uffan ba, ran nan ham ɗinta ya tuna aikinsa. Paaaam! Kuma ya ƙi tsayawa.

Layi ya fashe. Kafin a fizge ƙofa ya tofar da karan, ta faɗa wani rami a ƙasan motar ta tafi abinta. Aka ja shi ta hannu, bai motsa ba. Aka ja ta ƙafa, takalmi ne ya fito. Sai da MaShezi ta aika aka kawo man girki, aka shafe shi kamar za a gasa, maza suka haɗa ƙarfi, sannan ya fito fit, ya zauna daɓas a ƙasa.

"Buɗe bakinka," in ji Warsame, wanda ya bar shago a buɗe ya rugo. Ya shinshina, ya ja tsaki. "Babu."

MaShezi ta riƙe ƙugu. "Baban Nolwazi, me ka shiga yi a ciki?"

"Birki nake gwada wa Shandu."

"Motar da ba ta da taya?"

"Ke me kika sani a harkar mota?"

Daga nan ya rage buri. Abin da ya rage masa shi ne tashar tasi. Yakan je ya tsaya a bayan masu busa hayaƙi, ta inda iska ke kaɗawa, ya buɗe hanci kamar saniya ta ji ƙanshin ruwa. Ba a jima ba suka gane shi, suka riƙa kashe tabarsu in sun hango shi, wai girmamawa ga mai wa'azi.

Haka makonni suka shuɗe. Tarin asuba ya bar shi, bai lura ba. Abin da ya lura da shi kawai shi ne duniya ta haɗe masa kai. Ana jibi gwaji, ya ba Shandu labarin tashar tasi, yana dariya.

Shandu ya ajiye sifana. "Ka shaƙa?"

"Ɗan kaɗan."

"Ka mutu, Zungu. Injin nan ko hannu ka yi da mai shan taba sai ya nuna. Akwai surukin ƙanena a Goli, maƙwabcinsa ne ke sha, shi aka kama."

"Kai, Shandu!"

"Na rantse. Hayaƙi yana shiga ɓargo ne, sai ya shekara bai fita ba."

Baba Zungu ya tsorata. Ya ga bas ɗinsa a hannun wani yaro mai tuƙin ganganci, shi kuma yana zaune a ƙofar gida yana korar ƙuda. Amma tsoro bai taɓa daɗewa a jikinsa ba tare da ya rikiɗe ya zama dabara ba.

"To ai da sauƙi. Injin bai san sunana ba. Abin da aka zuba masa shi zai karanta. Mu nemo na wani."

"Ga nawa."

"Naka? Kai da hayaƙi ke fita ta kunnenka? So kake injin ya kama da wuta?"

Na MaShezi ba ya taɓuwa, don tambayar kaɗai ta isa ta haɗa masa kayansa. Yana cikin wannan lissafi, da safiyar gwaji, ya hango Gogo MaBiyela ta fito tana dogara sanda, da wani abu a ƙunshe cikin baƙar leda.

"Gogo, ina zuwa da sanyin nan?"

"Ƙaramin asibiti, ɗana. Sun ce in kai musu na farkon safiya a kwalba, wai za su duba ƙoda. Ga ƙafar ta ƙi."

Baba Zungu ya ji kamar an buɗe masa ƙofar sama. Matar da ko kwalin ashana ta gani sai ta yi addu'a! Ai ko ruwan famfo bai kai wannan tsarki ba.

"Haba Gogo, ina raye ki taka? Kawo in miƙa miki, hanyata ce."

"Allah ya yi maka albarka. Da duk maza irinka ne, da duniya ta gyaru."

Da ma Shandu ya ce masa sai da ɗumi ake karɓar fitsari. Saboda haka ya ɗaga teɓa, ya kwantar da kwalbar a ƙarƙashi, ya sake ta a kai, wurin da ko 'yan sanda ba za su yi tunanin dubawa ba. Ya shiga babban asibiti yana tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai. Sista Ramdin, wadda ke kula da masu jiran tiyata, ta miƙa masa ɗan kofi ta nuna masa banɗaki.

"Ka yi ƙoƙari, Baba Zungu. Na ga bidiyonka."

"Sista, ki gaya wa injin ya shirya. Bai taɓa ganin irin wannan ba."

A nan dai bai yi ƙarya ba.

An ce ranar Alhamis da la'asar za a kira shi da sakamako. Da wani ne, da sai ya jira. Baba Zungu ya ɗauki hutu, ya ce tun da babu wanda ya ci bunsuru, kowa zai ci bunsuru. Aka yanka, aka hura gawayi, aka jera kujeru har titi. Shandu ya kawo lasifikar da yake haya wa masu biki. Warsame ya rufe shago. Gogo MaBiyela ta taho kai tsaye daga addu'a da matanta, jajayen riguna, fararen huluna, aka ba ta kujerar tsakiya. MaShezi tana ta kai da kawo da faranti, fuskarta kamar amarya.

Waya ta yi ƙara. Ya ɗaga hannu aka yi tsit. Ya jona ta da lasifika.

"Baba Zungu, Sista Ramdin ce. Kana kai kaɗai?"

"Faɗi, Sista. Duk nan 'yan gida ne. Ni ba ni da abin ɓoyewa."

"Ka tabbata?"

"Ki ɗaga murya ma, akwai tsofaffi."

"To. Na daɗe a aikin nan, amma ban taɓa ganin taba a jikin ɗan Adam kamar wannan ba. Sai da muka maimaita, muna zaton injin ne ya lalace. Baba Zungu, shan ta kake yi, ko miya ake maka da ita?"

Ana jin kitse yana ɗiga a kan gawayi.

Warsame ne ya fara farfaɗowa. "Bunsuruna! Ni na fara zarginsa!"

"Naka a ina? Ni na gan shi a tashar tasi!"

"Ni na kawo man da aka zare shi daga mota!"

Kowa ya yi kan nama. Wani ya fizgi cinya, wani ya rungume haƙarƙari da zafinsa. Gogo MaBiyela ta miƙe, ta nuna shi da sanda.

"Tir! A gaban bagadi ka tsaya ka yi mana ƙarya? Taba, hayaƙin Shaiɗan, a bakin da ya ba da shaida?"

Duk wannan Baba Zungu zai iya haɗiyewa, ya saba da dariyar mutane. Abin da ya kasa ɗauka shi ne MaShezi. Ba ta yi ihu ba. Ta ajiye farantin a hankali, ta dube shi, hawaye na zuba.

"Baban Nolwazi, kullum sai na durƙusa na gode wa Allah a kanka. Na ce mijina zai ga jikokinsa. Ashe a kan ƙarya nake godiya?"

Nan zuciyarsa ta karye. Ya ji gara a yi masa dariya har ya mutu da ta yi masa wannan kallon.

"Ba nawa ba ne!"

Masu wawason nama suka tsaya.

"Mene ne ba naka ba?" in ji MaShezi.

"Abin da aka gwada. Aro na yi."

"Aro? Ana aron wannan? A wurin wa?"

Idonsa ne ya tafi da kansa, ya sauka a kan kujerar tsakiya. Idon jama'a ya bi shi.

"Kwalbar da Gogo ta ba ni in kai mata asibiti," in ji shi, murya kamar ta kyanwa. "Na ɗauka a duk Umlazi babu mai tsarkinta."

Gogo ta yi kansa da sanda. "Ɗan banza! Shi ya sa suka aiko wai ban kai ba! Ni za ka yi wa sharri? Ni?" Ta ɗaga sanda sama da ƙarfin da ƙafarta ba ta taɓa nunawa ba. Sai wani ɗan gwangwani ya sulluɓo daga cikin jar rigar, ya faɗi, ya gangara tsakiyar fili, murfin ya buɗe. Baƙin garin taba na shaƙa ya watse a ƙasa. Wanda ke kusa ya yi atishawa.

Mataimakiyarta a ƙungiyar addu'a ta dafa ƙirji. "Hawu, MaBiyela! Ashe ke ma?"

"Ke ma" ɗin nan ita ta ƙarasa taron. Aka ga hannuwa suna lallaɓawa cikin jajayen riguna, kowace tana tabbatar da nata gwangwanin yana nan.

Gogo ko a jikinta. Ta gyara hula. "Wannan ba taba ba ce, maganin ciwon kai ne. Uwata ta shaƙa, kakata ta shaƙa, dukansu da haƙoransu aka binne su. Akwai wanda ya taɓa ganin hayaƙi a bakina? Ku faɗa!"

Baba Zungu ya ce, "Gogo, injin ya ce..."

"Injin ubanwa? Kai kuma, ɓarawon fitsari, ka rufe min baki!"

Shandu ya faɗi daga kan kujera don dariya. Ana cikin haka lasifika ta yi gyaran murya.

"Baba Zungu, ina kan layi fa."

Wayyo! Ya manta bai kashe ba. Ya durƙusa a gaban lasifikar kamar ita ce Sistar. "Sista, ki rufa min asiri. Bas ɗina, Sista. In aka sauke ni na ƙare."

"Abin da ka yi ya isa in rufe maganarka yau ɗin nan," in ji ta. Ana jin tana danne dariya, amma muryar babu wasa. "Sai dai sakamakon da ba na mara lafiyata ba, ba zan tura wa inshora ba. Gobe da safe ka zo, jini zan ɗiba, ni da kaina, daga hannun da ke manne da jikinka. Abin da ya nuna shi zan tura, daga nan babu wani. Kuma ka taho min da Gogo, ina da magana da ita."

Da safe MaShezi ta riƙe masa hannu tun daga ƙofar gida, ba don soyayya ba. Gogo tana kujerar gaba a tasi, ta ƙi waiwayowa. A hanya ya zazzage wa matarsa komai, Verulam, kwalin fulogi, tashar tasi, ɓargo. Ya ce ta fara tunanin sana'ar da za su kama. Da aka soka masa allura, mutumin da ya kawo mota daga Isipingo babu birki ya rufe ido ya kira sunan uwarsa.

Wannan karon babu lasifika. A kicin ya amsa wayar, shi da MaShezi, ya zauna a kan buhun masara.

"Babu komai a jininka," in ji Sista Ramdin. "Fes. Inshora ta amince, za mu sa maka rana. Wai yaushe rabonka da taba?"

Ya bi kwanakin a ransa ɗaya bayan ɗaya. Wadda ya karya. Wadda ta faɗa rami. Wadda aka hana shi. Ko zuƙa ɗaya!

"Sista," in ji shi a hankali, "ashe na bar taba?"

"Da ka kawo naka tun farko, da yanzu an gama."

Washegari ya hau bas ɗin asuba kamar sarki. Kafin ya tada mota ya juyo ya fuskanci fasinjoji. Karon farko a rayuwarsa yana da abin alfahari na gaskiya, babu ƙari ko na ƙwayar gero.

"Jama'a, jinina ya fito fes. Na bar taba. Za a yi min tiyata, kuma ina nan a kujerar nan."

Sai wani daga baya ya ce, "Hannun wa ka aro?"

Bas ya ɗauka.

"Na rantse da Allah nawa ne!"

"Haka ka rantse a Verulam!"

"Baba, a duba min mijina, ya kwana biyu yana cewa hannunsa na ciwo!"

"Direba, tuƙa mu dai, kuma da naka ƙafafun!"

Ya nuna musu wurin allura, suka ce sauro ne. Ya ce a kira Sista, suka ce ya bar lasifika ta huta. Har aka kai gari babu mutum ɗaya da ya gaskata shi. Mutumin da ya shekara talatin ana gyaɗa kai ga ƙaryarsa, yau ya zo da gaskiya an ƙi saye.

Ya dawo gida da yamma jiki a sanyaye, ya zauna bai ko nemi abinci ba. MaShezi tana ninke wanki.

"Babu wanda ya yarda," in ji shi. "Abu ɗaya na yi a duniya da gaske, babu wanda ya yarda. Ke ma don Sista ta faɗa ne."

Ta ɗauki rigar aikinsa, ta kai hanci, ta shaƙa, ta ninke.

"Ni ke wanke rigunan nan tun kana saurayi. Tun makon farko warin ya tafi. Shi ya sa ran nan abin ya yi min ciwo, na ɗauka hancina ma ka koya masa ƙarya."

Ya dube ta, idonsa ya cika. Sannan ya ja majina, ya gyara zama, ƙirjin ya fara tasowa.

"Ai da ma, MaShezi, in kin lura, duk tsarina ne. Tun farko na..."

"Baban Nolwazi."

"Na'am."

"Likita ciki kawai zai rage?"

"Ciki kawai."

"Kash," in ji ta, ta ɗora rigar a kan sauran. "Zan tambaye shi ko inshorar ta haɗa da baki."